Tulun Shinkafar Ya Kolo

Duk wanda ya ce maka Badamasi malalaci ne, ka ce masa ni Saudatu na ce ƙarya yake yi. Tun da na aure shi ban taɓa ganin rana ta fito ta same shi a kwance ba. Shi ne gyaran dangar maƙwabta, shi ne toshe kwalekwalen wani in ya huje, in an yi rasuwa shi ne farkon zuwa haƙa kabari. Abu ɗaya ne ya gagare shi a duniya, kuma bai fi aikin safiya guda ba, wato ya buɗe tulu ya yafa iri a fadama.

Kada a ji ina kiran sunansa gatsal a ce ba ni da kunya. Taubashina ne kafin ya zama mijina. Mahaifiyarsa, Ya Kolo, yayar babana ce, ni Goggo nake ce mata. Tun muna yara nake tsokanarsa, aure bai sa na daina ba, Goggo ta yi faɗa har ta gaji ta zuba mana ido.

Shinkafar da nake magana ba irin wadda ake nomawa yanzu da injin ban ruwa ba ce. Ja ce, gajeriyar ƙwaya, ƙaiƙayinta baƙi. Da ruwan shuka ya sauka ake yafa ta a fadama, ta samu ta kafa saiwa kafin kogi ya cika ya fantsamo. In ruwan ya zo ba ya kashe ta, binsa take yi. Ya ƙaru ta ƙaru, har ta wuce tsayin namiji, in ta nuna sai a shiga kwalekwale a yanke ta da lauje. Kakanninmu ne suka taho da ita daga bakin Tafkin Chadi lokacin da suka sauka nan Tudun Fannami, gefen Kirikasamma. Da kowa ya koma sabon iri, gidanmu kaɗai ya ƙi sakinta, saboda Goggo ta kafe. A hankali mutane suka manta sunanta na asali, suka koma ce mata 'yar Kolo. In ana tuƙa tuwonta ba a iya ɓoyewa, mai wucewa ta bakin hanya ma ya san abin da za a ci a gidan.

Shekarar da surukina ya rasu gona ta dawo hannun Badamasi. A lokacin jininsa na tafasa, yana so ya nuna wa gari cewa gidan bai mutu ba. Ya ƙara faɗin gonar, ya kwashe duk irin da ke cikin rumbu ya yafa. Ta yi kyau kuwa, har daga Guri ake zuwa kallo. Tana cikin ɗaukar madara, ƙwaya ba ta yi tauri ba, sai tsuntsayen jan baki suka sauko. Wanda bai taɓa ganinsu ba ba zai gane ba. Sama ce take yin duhu da rana tsaka. Badamasi ya yi ihu har muryarsa ta dishe, ya yi jifa har kafaɗarsa ta kumbura, kafin mako ya zagayo babu abin da ya rage a gonar sai kara. Ya dawo gida da laujensa ko ƙwaya bai yanka ba.

Ashe Goggo tana da wata al'ada da ba mu sani ba. Duk kaka takan zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, ta sussuke, ta gauraya da toka, ta zuba a wani ƙaramin tulu ta liƙe bakin da yumɓu. In shekara ta zagayo sai ta juye tsohon a cikin na shuka, ta zuba sabo. Tulun nan shi kaɗai ya tsira. Idonta kuwa ya fara yin yana a lokacin, da ƙyar take gane mutum in bai yi magana ba. Ta kira shi ɗakinta ina zaune ina tsefe mata kai, ta jawo tulun daga ƙarƙashin gado.

Ta ce, "Ga shi nan, Badamasi. Babu wani bayan wannan, na sa an tambaya har Nguru. Da ruwa ya sauka ka yafa."

Ya ce, "In sha Allahu, Iya."

Ya karɓa da hannu biyu, ya ƙanƙame shi a ƙirji. Na gani sarai, amma na ɗauka nauyin tulun ne. Ya hau da shi cikin rumbu, ya binne shi a tsakiyar gero don kada zafi ya taɓa shi. A nan wajenmu kuwa mace ba ta leƙa rumbun mijinta, abin da aka auno mata shi take gani. Tun daga ranar tulun ya fita daga hannun mata.

Damina ta farko kachala ce ta hana shi. Ciyawar nan mai tsayi da ta cinye mana hanyoyin ruwa ta shigo rabin gonar, kuma a cikinta jan baki suke kwana. Ya ce ba zai ba gonar da take a shaƙe irin da babu na biyunsa ba, sai ya share ta tas. Ya shiga da adda, ya kira gayya, kullum ya dawo matsattsaku sun manne masa a ƙwauri in yi ta cire masa da gishiri. Ya share ta kuwa, fes, ka rantse tsakar gida ce. Ranar da ya gama, kogi ya riga ya fara lasar gindin gonar. Ya ce an makara bana, in aka yafa yanzu ruwa zai shanye ta tun tana jaririya. Gaskiya ya faɗa, ni ma na ce Allah Ya kai mu baɗi.

Da baɗin ta zo sai rediyo ta shiga tsakani. Kullum sanarwa, wai za a yi ambaliyar da ba a taɓa gani ba, wai masu madatsar ruwa can sama za su saki ruwa ba shiri. Gari ya ruɗe, aka yi ta cika buhuna da ƙasa ana ɗaga jinga. Badamasi ne a gaba wajen aikin, shi ne ɗaukar buhu biyu-biyu. Ya ce mahaukaci ne kaɗai zai zuba iri a bakin ambaliya. Sai ruwan ya zo a hankali, yana hawa kaɗan-kaɗan, irin zuwan da Goggo take ba mu labarin ana yi a zamanin da. Ko tsofaffi sun ce sun daɗe ba su ga shekarar shinkafar fadama irin wannan ba. Na sha hango shi tsaye a kan jinga, hannu a ƙugu, yana kallon ruwan da ya rufe gonarsa babu komai a ƙarƙashinsa.

Daga nan na daina mamaki. Wata shekarar ruwan shuka ya yi jinkiri, ya ce ƙasa ba ta jiƙu sosai ba, kafin ta jiƙu yadda yake so lokaci ya wuce. Wata shekarar ya ce sai ƙanensa Yunusa ya dawo daga Fatakwal, don gadon na su biyu ne, bai kamata ya yanke hukunci shi kaɗai ba. Yunusan da rabonsa da fartanya tun yana firamare! Da aka kira shi a waya cewa ya yi, "Wace shinkafa kuma?" Wannan ma bai sa an buɗe tulu ba.

Ba wai ya manta ba ne, da ma mantuwa ce da na ji sauƙi. Kullum maganar tana bakinsa. Ya kafa dogayen sanduna ya kewaye gonar, ya ɗaura igiyoyi daga wannan zuwa wancan, ya rataya gwangwanayen tumatir da tsakuwa a ciki, yadda in aka ja igiya ɗaya duk gonar za ta ɗauki ƙara. Ya yi rumfar tsaron tsuntsu mai tsayi, har da tsani. Ya yi mutum-mutumi ya sa masa tsohuwar rigar babansa. Ya wasa lauje, ya sake wasawa, har laujen ya rame. Duk abin da ake yi wa shinkafa ya yi mata, ban da shukawa. Samari a bakin kogi suka sa masa suna Malam Baɗi, in sun gan shi su yi ta gaishe shi da aiki. Yakan yi dariya tare da su, ni kuwa in ji kamar in nutse.

Goggo ba mai yawan magana ba ce. Duk shekara in ta ji ƙamshin ruwan farko a ƙasa, sai ta ɗaga kai ta ce, "Badamasi, ruwa ya sauka." Ya ce, "Na ji, Iya, ina shiri." Sau ɗaya na ji ta tsawaita. Ta ce masa, "Iri ba gishiri ba ne da za ka ajiye ka dawo ka same shi yadda yake. Rai gare shi. Yana numfashi a cikin tulun nan, kuma gajiya yake yi. Me ya sa kake gani duk kaka nake sabunta shi?" Ya sunkuyar da kai ya ce bana in sha Allahu. Da ya fita sai ya wuce ya taya Hamman maƙwabcinmu yaɓen ɗaki har la'asar.

Ni kuwa tsokana na fara da ita, don ita na iya. In na kawo masa abinci in ce, "Ga na yau, ko a ajiye maka sai baɗi?" Da tsokana ta ƙi ci na koma faɗa, da faɗa ya ƙi na koma roƙo. Na taɓa jingina tsani a jikin rumbun, na ce a yi ta ta ƙare, a zage ni a gari in dai shinkafar kakannina za ta ga ƙasa. Ya tarar da ni ƙafa ɗaya a sama. Bai ɗaga murya ba, ya riƙe tsanin har na sauko, sannan ya saɓa shi a kafaɗa ya kai gidan Hamman ajiya. Tsanin bai sake kwana a gidanmu ba.

Wata rana da azahar na kai masa fura gona. Na same shi zaune a kan rumfar tsaro, iska tana kaɗa gwangwanaye suna ta ƙara a kan gonar da babu abin da tsuntsu zai ci. Raina ya ɓaci, na ajiye ƙwaryar na tsaya a ƙasa.

Na ce, "Sauko mu yi magana. Ka raba irin nan biyu, a kai wa yayana Muttaka rabi a Guri. In ruwa ya ci na nan, na can ya tsira."

Ya ce, "Gonar Yaya Muttaka yashi ya yi mata yawa."

"To a kai Kafin Hausa, wajen kawunka."

"Can shanu suke bi."

"To ba ni tafi ɗaya in jiƙa a buhu in sa ƙarƙashin randa, mu ga ko yana da rai. Tafi ɗaya, Badamasi."

Ya sauko daga rumfar ya zauna a ƙasa, ya ɗauki ludayi ya juya furar bai sha ba.

Can ya ce, "Saudatu, kin tuna ranar da na dawo da lauje babu komai? Iya ba ta ce min uffan ba. Ta miƙo min ruwa na sha. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Ni na kwashe rumbu na yafa gaba ɗaya, babu wanda ya sa ni." Ya ajiye ludayin. "Yanzu in yana cikin tulu, yana nan. In na shiga rumbu na sa hannu na taɓa, yana nan. Da na yafa shi ya bar hannuna ke nan, ya koma hannun ruwa da tsuntsu da masu madatsa. In ya tafi fa? Shekaru nawa tana hannun mutane, daga Chadi har nan, babu wanda ta ƙare a hannunsa. Sai ni?"

Na ce, "To gwajin fa? Tsuntsu ba zai shiga ƙarƙashin randa ba."

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "In bai tsiro ba fa?"

A nan na gane ba kachala ba ce, ba rediyo ba ce, ba Yunusa ba ne. Da farko tsoron ya rasa irin ne ya hana shi shukawa, yanzu kuma tsoron ya gano ya riga ya rasa shi. Duk shekarar da ta wuce tsoron ƙaruwa yake, kuma tulun ƙara nauyi yake yi masa. Na ji tausayinsa ya kama ni har idona ya kawo ruwa, na kuma ji haushinsa kamar in kwaɗa masa ƙwaryar a ka. Na ɗauki mayafina na koma gida.

Da ranin da ya wuce Goggo ta kwanta. Ba wata cuta mai suna ba ce, tsufa ne ya zo mata gaba ɗaya. Idon ya rufe gaba ɗaya, abinci ya fita ranta, in na ba ta koko ta kurɓa sau biyu ta kau da kai. Wata safiya ina shafa mata mai a ƙafa ta ce, "Saudatu, tuwon shinkafata nake sha'awa, da miyar kuka da busasshiyar tarwaɗa." Na faɗa wa Badamasi. Washegari ya hau mota zuwa kasuwar Haɗeja, ya zaga rumfunan masu awo, ya samo wata jar shinkafa da aka ce daga yamma aka kawo ta. Na tuƙa da kyau, na zuba man shanu. Goggo ta kai loma kusa da hanci, ta shinshina, ta mayar cikin akushi.

Ta ce, "Allah Ya yi muku albarka. Ku ba yara."

Badamasi yana tsaye a bakin ƙofa ya ji. Ina jin wannan ce ta karya shi. Da ruwan shuka ya sauka bana, ba wanda ya ce masa komai, ya je gidan Hamman ya ɗauko tsani. Ya sauko da tulun, ya fasa yumɓun a gabana. Iri ya fito tsaf, toka ta tsare shi, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba. Ya ɗebo a tafi yana dubawa yana dariya kamar yaro, yana cewa, "Kin gani? Kin gani? Lafiyarsa ƙalau." Ni ma na yi murna, don ido ba ya nuna abin da ke cikin ƙwaya.

Na bi shi gona. Ya yi bisimilla, ya soma yafawa yana tafiya, hannunsa yana zuwa yana dawowa, ya bi da fartanya yana rufewa. Rabi ya yafa, ya bar rabi a tulu. Rana ba ta yi zafi ba ya gama. Ya tsaya yana kallon hannunsa, ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Aikin da ya cinye mana shekaru bai kai tsawon dahuwar wake ba.

Ruwa ya yi mana yadda ake so, ba yawa ba kaɗan. Badamasi ya tare a gona. Kore ya fara fitowa, ya dawo gida da gudu ya ce ta tsiro, har Goggo ta tashi zaune ba a taimaka mata ba. Bayan kwana kaɗan ganyen ya buɗe, ya zama ciyawa ce kawai irin ta kowace shekara. Ya riƙa bi yana durƙusawa a kan kowane tsiro yana dubawa. Daga baya ya koma tona ƙasa da yatsa. Ƙwayoyin suna nan inda ya zuba su, sun kumbura, in ka matsa sai su fashe su fitar da wani ruwa fari mai wari.

Ya ce ƙasar ce, kachala ta tsotse ta. Ya ce wataƙila ya binne da zurfi. Ban yi masa gardama ba, na miƙa masa hannu kawai. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ɗebo tafi ɗaya daga tulun ya zuba min. Na jiƙa tsohon buhun algarara, na shimfiɗa ƙwayoyin a ciki, na naɗe, na sa a ƙarƙashin randar da ke bakin ɗakin Goggo, inda ya fi ko'ina sanyi. Lafiyayyen iri ba ya daɗewa a haka yake fitar da farin baki. Kullum da safe in buɗe, in yayyafa ruwa, in rufe. Shi ba ya tambayata, fuskata yake kallo, ya ɗauki fartanya ya fita.

Goggo kuwa kullum in ya shiga gaishe ta sai ta ce, "Ta fito?"

Ya ce, "Ƙasa ta yi sanyi, Iya. Sai gobe."

Gobe ta yi, ya ce ana ganin alama. Wata goben ya ce ruwa take jira. Na same shi a zaure na ce, "Ka gaya mata gaskiya, tsohuwar nan ba yarinya ba ce." Ya ce zai gaya mata, amma ba yau ba, yau jikinta babu ƙarfi, a bari ta ɗan farfaɗo.

Ba ta jira shi ba. Wata hantsi ina shara sai na gan ta ta rarrafo bakin ƙofa, wai ƙishirwa take ji. Tana laluben moɗa hannunta ya faɗa kan buhun. Na yar da tsintsiya na nufo ta, amma ta riga ta warware shi. Ta shafa ƙwayoyin da yatsa, sun yi yauƙi, funfuna ta hau su. Ta kai hanci. Ta daɗe a haka ba ta motsa ba. Sannan ta ce in kira mata shi.

Ya zo ya durƙusa. Ta ce, "Akwai saura a tulu?"

Ya ce, "Akwai rabi, Iya."

"Saudatu, ki ɗauko ki cashe. Yau za a tuƙa."

Ya zabura. "Haba Iya, a bar shi mana. Baɗi sai in gwada a wata ƙasar, ko in kai Guri wajen Yaya Muttaka, wataƙila in aka..."

Ta ce, "Badamasi." Ba ta ɗaga murya ba. "Ya mutu. Ni na raine shi, na san warinsa. Ya daɗe da mutuwa, gawa kake ta gadi. Ni kuma ba ni da baɗi. A dafa min in ci."

Hawaye ne kawai suke bin gemunsa, bai ko share ba. Na shiga na ɗauko tulun da kaina.

Ban taɓa casa mai baƙin ciki irin wannan ba. Na bakace tokar, na zuba a turmi, da na sa taɓarya sai ƙwayar ta riƙa dagargajewa, ta bushe har ba ta da ƙarfin riƙe kanta. Na wanke, na ɗora, na kaɗa miyar kuka da tarwaɗa yadda ta ce. Ina tuƙi ina jiran ƙamshin nan ya taso, wanda yake tsayar da masu wucewa a bakin hanya. Bai taso ba. Abin da na ji warin tsohon tulu ne da toka. Na yi ta ƙara man shanu ko zai farfaɗo, har na gane wahalar banza nake yi.

Goggo ta sa aka tara yaran gidan, ta ce kowa ya ci, ya san abincin kakanninsa. Ita ta fara. Ta gutsura, ta daɗe tana juya lomar a baki, ta haɗiye da ƙyar. Ta ƙara ɗaya. Sannan ta ture akushin a hankali ta ce a ba ta ruwa. 'Yata Shamsiyya, wadda tana goye aka yi shekarar tsuntsaye, ta ci loma ɗaya ta yamutsa fuska, ta raɗa min, "Umma, wannan ce shinkafar da ake ta magana? Ai ɗanɗanon ƙasa take yi." Na daka mata tsawa, amma gaskiya ta faɗa. Abin da ya fi ci min rai ke nan. Yaran nan in sun girma aka ambaci 'yar Kolo, wannan tuwon za su tuna, kuma babu wanda zai iya nuna musu ba haka take ba.

Goggo ta ji raɗan, don kunnenta bai tsufa ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ba laifinki ba ne, 'yar nan," ta juya ta kwanta ta fuskanci bango.

Na zuba wa Badamasi nasa a akushin babansa, malmala biyu, na kai masa zaure. Ya buɗe ya duba, ya mayar da murfin.

Ya ce, "Rufe min, zan ci anjima."

Na ce, "Ka ci da zafinsa. Babu wani bayan wannan."

Ya ce ya sani, ƙirjinsa ne ya cushe, anjima kaɗan. Da safe na tarar da akushin yadda na ajiye shi. Na ce in ɗumama masa, ya ce a bari ya dawo, Hamman yana jiransa za su gyara wani wuri da jinga ta zabtare. Ya saɓa fartanya ya fita. Zafin damina kuwa ba ya raga wa tuwo. Kafin azahar ya fara tsami, zuwa la'asar ya saki ruwa, ƙuda sun kewaye murfin. Na fita da shi bayan ɗaki na juye wa kaji, na tsaya ina kallo har suka tsince shi tas. Na wanke akushin na kife a kan danga.

Gab da magariba ya shigo, duk jikinsa laka. Ya leƙa ya gaishe da Goggo, ba ta amsa ba, ko barci take ko ba barci ba ban sani ba. Ya ɗebi ruwa a buta ya wanke hannunsa sosai, har tsakanin yatsu, ya shimfiɗa tabarma ya zauna ya naɗe hannun riga.

Ya ce, "Saudatu, kawo min tuwon nan. Yanzu zan ci."